Labarin matar kumandan da ake turawa a waya, ga abin da na gani game da shi

Salamu alaikum jama'ar Damagaram da na nesa. Masu tambayata a kan wasan kwaikwayon nan na murya da wasu yaranmu suka haɗa wanda ake ta turawa a waya, wai ko ya kai mutum ya kashe kuɗinshi da lokacinshi a kai, to amsa a dunƙule ita ce e ya kai, ku je ku sa a tura maku. Amma akwai wuraren da suka taka tarihi da ƙafa, kuma tunda aikina koyar da tarihi ne a kwaleji ba zan iya yin shiru a kansu ba, don yara in suka ji abu a waya sun fi riƙe shi a kan abin da muka rubuta masu a allo.

Abin ba fim ba ne, murya ce zalla irin wasan radiyo na da, kashi 24, kowane kashi wajen minti ashirin ko ya ɗan ɗara. A shagunan masu tura waƙoƙi da fina-finai ake samunshi, ni a wani ɗan shago na gefen Kasuwar Dole aka tura man, dala ɗari (sefa 500) gaba ɗaya in ka zo da katin memwar ɗinka ko wayarka na da wuri, in kuma da katinsu kake so to ya kai jika guda da wani abu. Kana cewa "labarin matar kumandan" sun gane. Yaron shagon yana da ladabi wlh, ya kawo man benci, ya ce "Mushe zauna, minti biyar ne", kuma kafin ya miƙo man wayar sai da ya kunna kashi na farko da na ƙarshe ya tabbatar suna buɗewa. Abin da bai duba ba shi ne na tsakiya, kashi na 11 ya zo a yanke, ana cikin magana sai ɗif. Da na koma bai yi musu ba kuma bai karɓi ko dala ba, ya sake turawa, ya ce daga wajen wanda ya ba su ne haka ya zo wa mutane da yawa kafin su samu mai kyau. To wannan na yaba, amma ku duba naku tun a wurin kar ku biya ɗan kabu-kabu sau biyu.

Yanzu labarin. Wata yarinya ce 'yar Birni, tsohuwar unguwar fada ta Zinder, ubanta dillali ne mai saukar da fataken Abzin, uwarta kuma Buzuwa, don haka ta tashi da Hausa da Buzanci a baki har da ɗan Barbarci na cikin fada. Wani kaftin na Nasara da ke riƙe da sojojin bariki ya ganta ya ce yana so, aka aiko tafinta da gardi biyu da atamfa da kan sukari, kuma kowa ya san a zamanin nan in bariki ta aiko tana so ba a cewa a'a. Aka kai ta. Shekara biyu tana can har ta haihu, sai ga labari ya iso cikin ɗarin Disamba na 1916 cewa Kawsan, jagoran Buzayen da suka tasar wa Faransa, ya kewaye barikin Agadas, kuma Sarkin Abzin Tagama yana tare da shi. Daga nan komai ya juye mata. Wanta yana cikin ayari can arewa, 'yan uwan uwarta wasu sun bi Kawsan, ita kuma kullum dare ita ke tsaye bayan kujerar mijinta tana zuba wa hafsoshi ruwa suna shirya yadda za su tafi ceton Agadas. Da aka tare wasu 'yan aiken bariki a hanyar Damargu aka kashe su, sai tambaya ta tashi, wa ya faɗa wa Buzaye ranar da za su fita da rijiyar da za su kwana?

Ita matar da kaftin ɗin da tafintan duk ƙirƙira ce, su kansu masu wasan sun faɗi haka a farkon kashi na ɗaya kuma na ji daɗin da suka faɗa. Amma filin da suka ɗora su a kai gaskiya ne. Kawsan Buzu ne ɗan ƙabilar Ikazkazan, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya dawo daga Fezan ta kudancin Libiya da bindigogi har da igwa da aka ƙwace hannun Italiyawa, ya tsare sojan Faransa cikin barikinsu na Agadas tun tsakiyar Disamba 1916 har 3 ga Maris 1917, wajen kwana 80 kenan. Kuma daga nan Damagaram ne rundunar ceto ta tashi cikin Fabrairu ƙarƙashin Kanar Mourin, don lokacin nan Zinder ce babban birnin Nijar, tun 1911 har 1926 da aka maida shi Yamai. Har Turawan Ingila na Najeriya sai da suka aiko da taimako saboda su ma tsoro ya kama su kar wutar ta gangaro Kano da Katsina. Kenan yawancin shiri da raɗe-raɗi da tara raƙuma da gero na wannan yaƙi a garin nan aka yi shi, bisa tudun nan da barikin yake wanda suka sa wa sunan Cazemajou, yau muke ce mashi Tanimun. Mutum yana wucewa ta gindinshi kullum a kan moto bai taɓa tunanin su wa suka dafa abinci a ciki ba, su wa suka yi wanki, su wa suka haihu a ciki. Wannan shi ne abin da wasan ya tsaya a kai kuma shi ya sa nake cewa a saya.

Don mu a aji in muka zo wannan babi sunayen maza muke jerawa. Kyaftin Cazemajou da aka kashe a nan a Mayu 1898, Sarki Ahmadu Kuran Daga, yaƙin Tirmini ƙarshen Yuli 1899, shigowar Nasara gari, sai Kawsan da Tagama, shikenan a buga ƙararrawa. Alhali hafsoshin nan kusan duk inda suka zauna a ƙasashen da suka mallaka sukan ɗauki mace 'yar ƙasa su ajiye, in wa'adinsu ya cika su hau doki su tafi su bar ta, wani ma ya bar wa wanda ya canje shi, 'ya'yan da aka haifa ruwa biyu kuma sau da yawa hukuma ta ɗauke su daga hannun uwayen ta kai gidajen reno na musamman. Sojojinsu baƙar fata ma da matansu suke yawo, su ke daka su ke dafawa su ke ɗaukar kaya a bayan runduna. A garin nan akwai gidajen da suka san kakarsu ta zauna bariki, amma ba a maganar, in yaro ya tambaya sai a ce mashi tashi ka ba mutane wuri. Wasan nan ya buɗe bakin wannan magana ba tare da ya ci mutuncin kowa ba, kuma bai maida matar karuwa ba bai kuma maida ta waliyyiya ba.

Kashin da ya fi kowane shi ne na 14 da na 15, wurin tuhuma. Ku bar ni in daɗe a nan don ko su kaɗai aka sayar man dala ɗari ban yi asara ba. An kama wata laya da ta ba wani ɗan ayari ya kai wa wanta, ɗinkakkiya cikin jar fata, aka farke aka ga rubutu, aka kawo ta gaban hafsoshi uku, mijinta yana cikinsu amma ba shi ke tambaya ba. Tafinta na tsaye tsakani. Shi tafintan dama yana da haushinta tun tuni don kafin zuwanta duk mai son ganin kumandan ta hannunshi yake bi da ɗan goronshi, da ta zo sai mata suka fara bi ta ƙofar baya suna kai mata kukansu, wannan an kama mijinta kan lanho wato haraji, waccan an tafi da ɗanta aikin dole, ita kuma in dare ya yi ta sa baki a sake su, cinikinshi ya mutu. To yanzu ga ta a hannunshi. Ana tambayarta da Faransanci yana juya mata da Hausa, tana amsawa da Hausa yana juya masu da Faransanci, kuma mai saurare yana jin duka biyun. Ta ce "wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, laya na aika mashi ta tsari don hanya ba lafiya", shi kuma ya juya ya ce masu ta ce ɗan'uwanta yana tare da masu tawaye kuma ta aika mashi abin da zai kare shi daga harsashin Faransa. Kun ga bai yi ƙarya tsagwaronta ba, karkatar da maganar kawai ya yi, kuma haka yake yi jimla bayan jimla har igiya ta kusa wuyanta.

Abin da ya sa gashin jikina ya tashi shi ne, ita tana jin Faransanci. Shekara biyu tana tsaye bayan teburinsu ta iya sarai, amma ba wanda ya sani har mijin, don tun farko wata tsohuwa mai wankin bariki ta gargaɗe ta kar ta kuskura ta nuna. To yanzu tana jin yadda yake murɗe mata magana, in ta yi shiru an kashe ta da bakin wani, in kuma ta buɗe baki ta gyara mashi to ta tabbatar masu da kanta cewa duk abin da suka faɗa a kan tebur tun farkon yaƙin nan ta ji, ranar fita da sunan rijiya da yawan raƙuma. Gaba kura baya sayaki. Yarinyar da ta yi muryar nan Allah ya yi mata baiwa, ba ta yi kuka ba ba ta yi ihu ba, numfashinta kawai kake ji yana canzawa duk lokacin da tafinta ya gama juyawa, sai ka ji ta ɗan yi jim kafin ta amsa tambaya ta gaba, kuma amsoshin suna ƙara gajarta har suka koma e da a'a don ta rage mashi abin murɗawa. Ban taɓa jin an yi amfani da shiru haka a wasan Hausa ba. Wanda ya rubuta wurin nan ya san abin da tafinta yake a zamanin Nasara, mutum ɗaya da rayuwar gari ke ratsawa ta harshenshi, kuma tsofaffi ba su yi ƙarya ba da suka ce babu mugun sarki sai mugun bafade, ko da yake a nan sarkin ma ba na kirki ba ne.

Sai kuma malamin da aka kira ya karanta layar. Dattijo ne daga unguwar Garin Malam, an taso shi da dare gardi na gaba gardi na baya. Ya duba ya ce ayoyi ne da hatimi, aka ce to waɗannan lambobin na cikin gidajen hatimin fa, ba yawan soja ba ne? Ya yi ta ƙoƙarin bayyana masu yadda ake lissafin haruffa a hatimi, su kuma duk lambar da ya faɗa sai su duba takardarsu su ga ko ta yi daidai da yawan raƙuma ko na bindigogi, kuma ka san in mutum ya riga ya yanke hukunci a ranshi kowace lamba zai samo mata ma'ana. Mai jin wannan ya tuna abin da ya faru da malamai a Agadas bayan rundunar ta shiga a Maris 1917, yadda aka karkashe su har waɗanda suka fake a masallaci, to zai gane rawar da muryar dattijon nan ke yi ba ta wasa ba ce.

Gefen gari ma sun yi shi da kyau. Don ba Nasara kaɗai ke zarginta ba. In ta shigo Birni gaida uwarta mata na hira a tsakar gida sai a yi tsit, a wajen biki ba mai sa hannu a kwano ɗaya da ita, ana ce mata kunnen bariki, wai duk wanda aka kama a unguwa ita ta kai sunanshi, kuma matan da ta taimaka aka sako mazajensu su ne na gaba wajen juya mata baya don kar a ce suna da alaƙa. Akwai wurin da gwaggonta ta ce mata "ke 'yar nan, can ba ki zama tasu ba nan kuma kin fita daga tamu", ita kuma ta ce "Gwaggo ai ba ni na kai kaina ba, kuna zaune aka zo aka ɗauke ni, ke kika yi man lalle". Innata na zaune kan tabarma tana jan carbi muna saurare a tsakar gida, da aka zo nan sai ta ce "kai, tsaida abin nan tukuna". Na tsaida. Ta ce ita ta san wata tsohuwa a unguwarsu tana yarinya da ake nunawa da baki ana cewa ta zauna bariki, ba ta da kowa, yara na tsoronta, kuma sai yau ta yi tunanin ba wanda ya taɓa tambayar matar nan yadda aka yi ta je can. Na ce "Inna in ci gaba?" ta ce "ci gaba mana, ina so in ji ko za su kashe ta".

To ta yi leƙen asirin ko ba ta yi ba? Ba zan faɗa maku ƙarshen ba. Abin da zan ce kawai, masu wasan ba su sauƙaƙa wa kansu ba, kuma a gidanmu har yanzu ba a daidaita ba, uwargida ta ce ta yi kuma ta yi daidai don jininta ne ake shirin zuwa a kashe, ƙanena ya ce ba ta yi ba tafinta ne da kanshi ke sayar da labari gefe biyu. Ni ina ganin ta faɗi abu ɗaya tak ga mutum ɗaya tak don ta ceci wanta, ba don Kawsan ba ba don Sanusiyya ba, kuma wannan abu ɗayan ya yi tafiyar da ba ta yi nufi ba. Ku saurari kashi na 9 da kyau wurin da take auna wa ɗan ayarin gero, ku ji abin da ta ce game da rijiya.

Yanzu inda suka ɓata man rai, kuma ba ƙaramin ɓaci ba.

Na farko, sun sa Sarki Ahmadu ɗan Bassa a kan gadon sarauta a 1916 har yana aiko wa matar da saƙo a asirce. Wannan ba zai yiwu ba. Faransawa ne suka naɗa shi a 1899 bayan an kashe wanshi Kuran Daga, kuma su suka tuɓe shi a 1906 kan zargin yana ƙulla makircin kashe Nasaran garin, suka kai shi Kodebuwa, cikin waɗanda zargin ya faɗa wa har da attajirin nan na Zango Malam Yaro. Daga nan gadon ya zauna ba sarki, suka damƙa riƙon gari a hannun wani babban bawan fada mai sarautar Bellama, sai 1923 aka maido da sarauta aka naɗa Barma Mustafa. Kenan lokacin Kawsan Damagaram ba ta da sarki sam, shekara goma da tuɓe shi. Na gane abin da ya ja su, labarin 1906 yana da daɗi, shekarar tawayen Satiru ce can wajen Sakkwato da tashin mutanen Kobkitanda da Karma a kan Nasara a yammacin Nijar, Nasara duk a firgice suke suna ganin makirci a kowane zaure, sai marubucin ya so ya kwaso wannan tsoron ya zuba a nashi labarin. Amma da ya bar abin yadda yake da ya fi ƙarfi. Ka duba, gari ba sarki, ba wanda mace za ta ruga ta faɗi gabanshi ta ce a cece ni, wanda ke riƙe da fada kuma Nasara ne suka ɗora shi, ai wannan ya fi nuna kaɗaicinta a kan wani saƙon asiri da bai kai ko'ina ba a labarin.

Na biyu ya fi muni. A kashi na 19 da 20 sun kawo Kawsan da kanshi har bakin ganuwar Zinder da dare wai ya zo ganawa da ita. Haba jama'a. Mutumin da ke tsare da bariki a Agadas, tsakaninshi da nan wajen kilomita 450 a kan raƙumi, zai bar igwarshi da mutanenshi ya zo zance da matar kaftin ya koma? Kawsan bai kawo yaƙi Zinder ba, da rundunar Mourin ta isa ya janye cikin duwatsun Abzin aka yi ta fafatawa, daga baya ya fice, aka kashe shi a Murzuk can Fezan a 1919, Tagama kuma aka kama shi ya mutu a kurkuku a Agadas a 1920. Kashi biyun nan kamar wani ne daban ya rubuta su, ga kiɗan soyayya a ƙasa, ga Kawsan yana magana irin ta samarin fim, har ana so a nuna kamar da wani abu tsakaninsu. Wannan ya rage wa matar daraja don duk ƙarfin labarin shi ne ita ba kowa ba ce a wurin manyan yaƙin, ba su ma san da ita ba, amma ita ce za ta biya. Ni shawarata in kun zo 19 da 20 ku saurara don kar zaren ya tsinke maku amma ku gaya wa yaranku wannan bai faru ba. Tuni wani ɗalibina ya tsaida ni a bakin aji ya ce "Mushe ashe Kawsan ya zo Zinder?", kun ga irin abin da nake gudu.

Sai kaftin ɗin. A tsakiyar labarin sun so su wanke shi da yawa, yana ta huci yana cewa zuciyarshi na gefe aikinshi na gefe, har da kuka. Ban ce ba a samu wanda ya so matar da ya ajiye ba, ɗan Adam ne, amma mutumin da ya aiko gardi aka ɗauko mashi 'yar mutane, wanda ke sa hannu a takardar ƙwace raƙuman talakawa da geronsu don runduna, bai kamata a ba shi kashi guda cur yana ba mu tausayi ba alhali uwar yarinyar da aka raba da 'yarta ba ta samu ko minti biyar ba. Sun gyara daga baya dai, wurin tuhumar da ya zauna bai ce uffan ba yana wasa da alƙalami ana jin ƙarar shi a kan tebur, nan ne ainihin mutumin ya fito. Wanda ya yi muryar kuma Faransancinshi mai kyau ne, da ya juya Hausar Nasara ma bai wuce gona da iri ba.

Buzayen kuwa ban ji daɗin yadda aka yi muryarsu ba, an maida su abin dariya da karya harshe irin wanda ake yi a wasan barkwanci, a labarin da uwar tauraruwar Buzuwa ce kuma mutanenta ne aka fi kashewa, aka kwashe sauran daga Abzin aka gangaro da su kudu. Garin nan cike yake da Buzaye masu jin harshen biyu, a Zango kaɗai za a samu goma da za su yi shi da mutunci, me ya hana a nemo su?

Ta wajen sauti, yawanci a fili yake ana ji ko a ƙaramar waya ba sai da abin kunne ba, iskar hunturu da kukan raƙuma da busar ƙahon bariki da asuba duk sun fito da kyau. Amma a kashi na 6 ana cikin 1916 sai ga ƙarar moto ta wuce, a wani wurin kuma waya ta yi ƙara can nesa, kiɗan da ke raba fage da fage ya fi muryoyin ƙarfi sai ka yi ta rage sauti kana ƙarawa. Akwai tallar maganin gargajiya da aka cusa tsakiyar kashi huɗu ko biyar na farko, na san da ita suka samu kuɗin aikin ban zarge su ba, amma a kai ta farko ko ƙarshe mana, ba a tsakiyar maganar uwa da 'yarta ba. Hausar kuma tamu ce ta nan, ba su ari bakin Kano ba sai wuri ɗaya biyu da wani yaro ya zame, wannan ma abin yabo ne don yawancin yaranmu in suka kama makirfo sai su koma magana kamar a fim.

Yara ƙanana ban ba da shawarar su ji kashi na 16 ba, akwai dukan da aka yi wa ɗan ayarin da aka kama da layar, ba a ganin komai amma sautin ya isa. Daga 'yan kwaleji zuwa sama kuwa ba laifi, ni har na roƙi shugaban makarantarmu ya bar ni in kunna wa 'yan ajina kashi na 14 da 15 in mun zo babin Kawsan, in rubuta shekarun gaskiya a allo tukuna sannan su saurara.

Yaron shagon ya ce man masu wasan suna shirin na biyu a kan abin da ya samu ɗan da ta haifa. In wannan rubutu ya kai gare su, don Allah kafin ku shiga ɗaukar murya ku zauna da dattawan fada da malaman tarihi na jami'ar garin nan ko da yini ɗaya ne su duba maku shekaru da sunaye, ba za su ƙi ba, ni ma in kun neme ni ta hannun yaron zan zo kyauta. Ku kuma masu saye ku tafi da waya mai sarari ko kati, ku sa a kunna maku kashi na 11 a gabanku kafin ku biya.